Galiya da Wadarin Turkiya

A Nafta, garinmu na bakin iyakar Aljeriya, ba wanda bai san Galiya matar marigayi Balkasim ba. Wanda bai san fuskarta ba ya san muryarta a kasuwar ulu. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kuma Allah ya yi ta da riƙo irin wanda ko mu da muka saba da riƙo muke sara masa. In ka ɓata mata ba za ta ce maka uffan ba. Sai ranar auren ɗanka ka duba ka ga ba ta zo ba, sannan ka fara tunanin abin da ka yi mata.

Babban abin da ta riƙe ya faru ne tana da ƙuruciya. Ta kaɗa gashin raƙumi za ta saƙa wa mijinta alkyabba, ta kafa turaku a lungun gidansu, maƙwabta na taya ta wadari. Kowace mace a nan ta san ba a tsallake zaren wadari, don yana jawo wa mai tufar masifa, in kuwa ƙafa ta kuskure, sai mutum ya sake tsallakowa da baya don abin ya warware. A ranar 'yan biki sun zo daga Wadi Suf, can cikin Aljeriya. Wata budurwa a cikinsu mai suna Turkiya ta taho da sauri, ta tattare riga ta tsallake. Galiya ta kira ta ta dawo. Yarinyar ta waiwayo, ta yi dariya, ta wuce abinta. Alkyabbar ba ta sauka daga masaƙa ba Balkasim ya faɗo daga kan dabino, bai ko shura ba.

Liman ya ce mata ajali ne. Ta ce, "Na sani, Malam. Amma na ga ƙafar da ta rako shi."

Da saƙa ta raini 'ya'yanta mata biyu har ta aurar da su. Ta yi furfura lokacin da ƙungiyar matan Nafta da ta Wadi Suf suka haɗa kai suka buɗe ajin manya, ana yin wata guda a nan, wata guda a can, da safe karatu da rubutu, da yamma kowane gari ya koya wa ɗaya irin saƙarsa. Da maƙwabciyarta Hamisa ta kawo mata zancen, tsaki ta yi.

"Ni da jikoki zan zauna ina alif, ba? Ke dai je ki, tunda ba ki da aikin yi."

"To shi ke nan. Dama shugabar matan Suf ɗin ce aka ce ba ta da dama a saƙa, wata Hajiya Turkiya."

Washegari Galiya ta riga kowa zuwa ajin.

Abin haushi, karatun ya shige ta. Ta fara karanta allunan shaguna da ƙarfi a hanya, ta daina kai wa mai kemis kwalin maganinta ya duba mata. A bakin iyaka kuwa da kanta take sa hannu, tana yi tana kallon jami'in. Ita ma Turkiya ba yadda Galiya ta so ta same ta ba. Ta zama dattijuwa mai jiki da tabarau, mai fara'a, ita ce ma ke kama hannun Galiya tana gyara mata riƙon alƙalami tana cewa, "Sannu a hankali, Yaya." Galiya ta ci kuskus ɗinta, ta sha shayinta, ta yi mata murmushi, amma zuciyarta ba ta sassauta ko kaɗan ba.

Da sanyi ya wuce Turkiya ta sanar da ajin cewa ɗanta Lazhar zai yi aure. Da hannunta ta kaɗa zaren alkyabbarsa, tana so matan garuruwan biyu su yi wadarin a gidanta, ya zama darasi kuma a sa albarka. A cikin bas Hamisa ta matso kusa.

"Yaya Galiya, na san abin da ke ranki. In kika yi, ba ke ba ajin nan. Kuma me yaron ya yi miki?"

"Shi Balkasim me ya yi mata?"

An kafa turaku a tsakar gida, zare ya miƙe, mata na kai da kawo suna waƙa. Galiya ta bari sai da aka kusa gamawa. Ta tashi, ta tattare riga, ta tsallake a hankali yadda kowa zai gani. Waƙa ta tsaya.

"Yaya, kin yi kuskure," in ji Turkiya. "Dawo da baya."

"Ba kuskure ba ne."

"Don Allah. Na ɗana ne."

"Nawa na mijina ne. A Nafta, ranar da kuka zo biki. Na kira ki kika yi mini dariya, kuma kafin in gama saƙar aka binne shi."

Turkiya ta durƙusa a ƙasa ta kama gefen rigarta tana roƙo. Galiya ta tsaya ƙyam tana kallonta, tana jin wani sanyi a ƙirjinta da ta daɗe ba ta ji ba. Da roƙo ya ƙi, Turkiya ta sa aka kawo almakashi, ta datse zaren gaba ɗaya, aikin da ta yi duk lokacin sanyi ya zube a ƙasa. Sannan ta cire tabarau ta dubi Galiya da kyau, hawaye na zuba.

"In na yi miki haka, ki yafe mini. Amma wallahi, Yaya, ban tuna ki ba. Ko bikin ma ban tuna ba."

Ba wadda ta zauna kusa da Galiya a bas ɗin dawowa. Ajin ya ci gaba, ita ce dai ba a sake kira ba, karatunta ya tsaya inda ya tsaya. In ka tambaye ta yau za ta ce ba ta yi nadama ba, kuma na yarda da ita. Abin da ke cin ta daban ne. Takan ajiye mazari ta dubi mutum ta ce, "Shekara da shekaru ina kwana da fuskarta ina tashi da ita, ita kuwa ko sau ɗaya ban taɓa faɗo mata a rai ba."