Kular Hajiya Balaraba Ba Za Ta Koma Wayam Ba

Hannuna na cikin ruwa ina wanke kinwa, tsabar nan ta ƙasar waje mai kama da acca, yau da safe, wayar Nabila ta shigo. "Anti Saude," ta ce. Sauran maganar da Turanci ta ƙarasa, cikin kuka. Mahaifiyarta, Hajiya Balaraba, ta rasu bayan sallar asuba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da nake wankewar nan ita zan dafa wa. Kularta ce ajiye a kicin ɗina tun ranar Asabar.

Waɗanda ba ku zauna nan garin Greensboro na Amurka ba, ba ku san ta ba. Ita ce doguwar dattijuwar nan ta unguwar Summerfield da ta mayar da bayan gidan 'yarta lambu: rama, yakuwa, alayyahu, da zogale a cikin manyan tukwane. Mu kuma nan mun fi saninta da sunan da aka laƙaba mata a bayan idonta, Hajiya Mai Abincin Tsuntsaye. Ta san sunan sarai. Har sa hannu take yi da shi a ƙasan saƙo idan tana son ta ba mutane kunya.

Shekara uku da suka wuce wani ɗan ciwo ya fito min a babban yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ta duba sugana, ta dube ni, ta ce idan ban canja cin abinci ba maganar za ta wuce yatsa. Ba sai ta yi min dogon bayani ba. Innata a Zariya da ƙafa ɗaya aka binne ta.

A wajen wani suna Hajiya ta gan ni zaune da faranti ba komai a ciki, ga shinkafa ga waina ina kallo kamar marainiya. Ba ta tambaye ni ba. Ta buɗe jakarta ta fito da 'yar roba ta tura min gabana.

"Ci. Acca ce da ta yi boko."

Dambu ne. Dambu sosai, da zogale da albasa da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sai da na cinye tas ta gaya min kinwa ce, irin wadda nake gani a firjin tsohuwar da nake aikin kula da ita a unguwar Irving Park, mai sanyi ba gishiri ba yaji, wadda na rantse ba za ta taɓa shiga bakina ba.

Washegari na sayo leda guda. Na ce ai nan Amurka ce, komai a wanke yake zuwa, wa zai tsaya rairaya? Na zuba a tukunya kai tsaye. Ɗaci kamar na tauna maɗaci. Karo na biyu na wanke, amma a kwandon tace taliya, ina tsaye ina kallo rabin ledar ya bi ramin wanke-wanke. Na kira ta ina masifa.

Dariya ta yi har da tari. Da yamma sai ga ta a ƙofata a unguwar Sedgefield da 'yar rariya mai ƙananan ido. Ta tsaya a kaina: a murza da hannu har kumfar nan ta daina fita, don ita ce ɗacin. A tsane. A ɗan soya ta a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi. Ruwa kaɗan, wuta ƙasa, a rufe.

"Kuma ki cire hannunki daga murfin nan, Saude. Ke matsalarki leƙe."

Ba ta taɓa ce min kinwa magani ba ce. Kullum ta kira, tambayar farko: kin sha ƙwayarki? Ta biyu: kin taka yau? Ta ja ni tattaki a unguwarsu, muna wuce dawakin mutane tana yi musu sannu da Hausa. Yatsan ya warke. Ga shi nan ina kallonsa yanzu da nake rubutun nan.

To ga abin da ya sa nake rubutu da zafi, ku yi min uzuri.

Ko awa biyu ba a yi da sanarwa ba, a guruf ɗinmu na mata wata ta rubuta: "Allah sarki, ashe duk wahalar cin abincin tsuntsayen nan bai hana komai ba." Bayan nan aka fito da jerin girkin sadakar uku, shinkafa da waina da wake da sauransu, aka ƙara a ƙasa: "Don Allah banda abin nan na marigayiya, za a yi baƙi."

Ba zan kira suna ba. Kun san kanku, ni ma na san ku, kuma ina ƙaunarku.

Amma gaskiya zan faɗa, saƙon farkon nan ya same ni a inda ba na so. Na tsaya da rariya a hannu na ce wa kaina, to da gaske mana, mene ne amfanin? Tunda ita ma ta tafi, in ɗora tuwon shinkafata in ci in more. Har na buɗe kabad. Na ji tsoron kaina yau fiye da ranar da likita ta yi min magana.

Abin da ya rufe kabad ɗin maganar Hajiya ce. An taɓa yi mata irin wannan gorin a gabana, wata ta ce Hajiya ko me za ki ci sai kin mutu. Ko ɗaga murya ba ta yi ba.

"Na sani, 'yar nan. Ba mutuwa nake gudu ba. So nake ranar da za a yi min wanka a same ni da ƙafafuna biyu."

Fiye da shekara ashirin tana fama da suga. Yau za a yi mata wanka, kuma za a same ta yadda ta roƙa. Wadda ta ce bai hana komai ba, ga amsarki.

Ranar Asabar na gan ta ƙarshe. Sanyi ya fara shigowa, na tarar tana jan tukwanen zogale zuwa gareji, ta ƙi bari in kama mata wai bayana ya fi nata tsufa. Da zan tafi ta miƙo min kula cike da dambu, kamar kullum.

Kun san al'adarmu, ba a mayar da kwanon mutum ba komai. Shekara uku ina mayar mata da kular nan da dabino, ko lemo, ko goro. Ban taɓa zuba mata girkina ba, don nawa caɓewa yake yi, kunya nake ji. Ashe tana lura. Ta riƙe hannun kular ba ta saki ba.

"Wannan karon kada ki sayo min komai don ki huta. Dambunki nake so in ɗanɗana. Ko ya caɓe kawo, ba yau na fara cin caɓaɓɓe ba."

Na ce to, Hajiya. Lahadi na ce sai gobe. Litinin aiki, Talata na dafa bai yi min ba na cinye abina. Yau na tashi na ce ko ya yi ko bai yi ba zan kai.

Wannan jinkirin zai daɗe yana cina.

Saboda haka ku ji da kyau, masu jerin girki. Ranar sadakar uku zan zo da kular Hajiya cike da dambun kinwa, da zogalen lambunta, Nabila ta ce in je in tsinka. A tsakiyar tebur zan ajiye, ba a gefe ba. Baƙon da ya tambaya mene ne wannan, ni zan ba shi amsa. Wanda ba ya so, ga shinkafa nan, ba faɗa. Amma akwai masu suga a cikinmu da yawa da suke ɓoyewa saboda gori, suna cin abin da ke cinsu don kada a yi musu dariya. Ku zo ku zauna kusa da ni. Na sayo rariya biyar, duk mai so ta ɗauka.

Na koma na ƙarasa wankin da na bari. Na rufe tukunya, ban leƙa ba ko sau ɗaya. Hajiya, bai caɓe ba.

Ya Allah, baiwarka Balaraba ta ciyar da mu ba ta taɓa yi mana gori ba. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka ciyar da ita daga lambun da sanyi ba ya kashewa. Ka ba Nabila haƙuri. Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka danna alamar ɗan yatsa kawai ka wuce, ka tsaya ka yi mata addu'a da bakinka. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah Ya ba ni ikon kai kular nan da ƙafafuna, bana da baɗi da duk shekarun da suka rage min.