Amna 'Yar Bur Sudan, Shekara Biyu a Teku

A wannan watan Amna ta cika shekara biyu a cikin teku. Ba mu ga gawarta ba, ba mu yi mata wanka ba, ba mu sa ta a likkafani ba. Maza sun yi mata sallar ga'ib a wani ƙaramin masallaci a unguwar Faisal ta Alƙahira, mu kuma mata muka zauna a ɗakin mahaifiyarta muna kallon juna, babu makarar da za a fita da ita balle zuciya ta yarda an gama. Tun daga ranar na ɗauke ƙafata daga bakin ruwa, ko a talabijin aka nuno teku sai na canza tasha. A haka na so in bar Masar, domin maigidana ya kammala karatunsa, ƙarshen shekarar nan za mu koma Kano. Sai 'yarta Tasnim, mai shekara tara, ta tsare ni da buƙata guda: in koya mata iyo kafin in tafi, tunda ni kaɗai ce na koya a hannun uwarta.

Wankan jego ne ya haɗa ni da Amna. A farkon shekarar 2011 ina sabuwar zuwa Alƙahira, muna zaune a wani bene a Madinat Nasr cikin ɗalibai 'yan uwanmu, na haifi ɗana na fari. Ya zo, bai yi kuka ba. Kafin a sallame ni daga asibiti maza sun kai shi makwancinsa. Gari a lokacin a hargitse yake da zanga-zanga, babu wanda zai iya zuwa daga gida. Mahaifiyata ta kira tana kuka, bayan ta'aziyya abin da ta fara tambaya shi ne, wa zai yi mini wanka? A wajenmu, ko ɗa ya tsaya ko ya koma, mai jego sai ta yi wankan ruwan zafi har arba'in, in ba haka ba a ce ta tashi da ɗanyen jiki. Matan ɗaliban kuwa duk yara ne kamata, babu wadda ta taɓa riƙe ganyen wanka. Wata a cikinsu ce ta tuna da wata mai yi wa amare lalle a Faisal, Bahaushiyar Sudan.

Da safe Amna ta iso, doguwa, baƙa, naɗe da laffaya ruwan goro, da damin ganye a hammata. Darbejiya ba ta samu ba, sai ganyen turare ta karyo a bakin wata magudanar ruwa a Giza. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabcin Sudan. Kakanninta daga Haɗeja suka fito a ƙasa za su aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a bakin Bahar Maliya, suka yada zango a Bur Sudan, zangon da ya zama gida. Ina kwance na juya mata baya na ce, "Baiwar Allah, wankan me zan yi? Ai babu ɗan."

Ta ce, "Ɗa ya koma wurin Mai shi. Ke kina nan, jikinki yana nan. Yalla, tashi."

Haka ta riƙa zuwa kullum, mota biyu take hawa daga Faisal, ta yi mini wanka sannan ta wuce Dokki inda take aikin gida. Gas ya yi wuya a shekarar, amma da ta ji mai anbuba, wato mai tallan gas, yana buga tukwanensa a titi sai ta leƙa ta taga ta ƙwala masa kira har sai ya hawo. Ta samo gero da kanwa a shagunan 'yan Sudan ta dama mini kunu. Idan ta tsoma ganyen a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini na yi ihu, sai ta ce, "Kanawa da raki! Mu a Bur Sudan da wannan muke wanke fuska." Ƙarya take yi, ta kuma san na sani.

Arba'in ta cika, jiki ya warke, ni ban warke ba. Ba na cin abinci sai an matsa, ba na barci, kuma ko sau ɗaya ban yi kuka ba. Kowa ya shigo haƙuri yake ba ni, ni kuma in ce alhamdulillahi, in koma kallon bango. Amna ta zuba mini ido har zafi ya fara raguwa, masu hutu suka watse daga bakin ruwa. Sannan ta je ta sami maigidana, ta ce ya ba ta aron matarsa. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya, ni da ita da Tasnim, muka sauka a ɗakin wata ƙawarta.

Ni da ban taɓa shiga ko kududdufi ba, na fito bakin teku da sassafe cikin zanin atamfa da hijabi har ƙasa. Amna ta dube ni ta tuntsire da dariya, ta ce, "Bakanuwa, ruwa za ki shiga ko gidan biki?" Igiyar ruwa ta farko ta nemi kwance mini zani, na riƙe shi da hannu biyu ina salati. Ta mayar da ni ɗaki ta ba ni wandonta da doguwar riga, muka dawo. Ta ja ni har ruwa ya kawo mini ƙirji, ta sa tafin hannunta a bayana, ta ce in kwanta. Na ƙanƙame ta kamar zan karya mata wuya.

Ta ce, "Saki wuyanki. Ruwan zai ɗauke ki, aikinsa ke nan. Ina riƙe da ke."

Ban san yadda aka yi na saki ba. Kunnuwana suka nutse, hayaniyar duniya ta ɗauke, babu abin da nake gani sai sama. A nan kukan da na riƙe wata da watanni ya ƙwace mini. Na yi kukan ɗan da ban ga fuskarsa ba, na yi kukan nonon da ya cika ya bushe a banza. Amna ba ta janye hannunta ba. Da na ɗago, abin da ta ce kawai shi ne, "Yi abinki. A nan babu mai ce miki ki yi haƙuri." Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Daga nan tafiyar ta zame mana al'ada, duk lokacin da aikinta ya ba ta sarari. Na koyi iyo, ba irin nata ba, domin ita idan ta yi nisa sai ɗan baƙin ɗankwalinta kake hangowa. Har na fara rubuta labarinmu, ina cewa zan mai da shi littafi. Ta ce in dai zan sa ta a ciki, in ƙara mata ƙiba, in ba ta miji mai mota. Rubutun yana nan inda na tsaya. A littafi, da tekun da ya warkar da ɗaya ya bar ɗayar ta tsufa. Na kasa rubuta hakan domin ba gaskiya ba ne, na kuma kasa rubuta gaskiyar.

Mijin Amna ya rasu tun suna Sudan. Ita ke ci da mahaifiyarta, wadda muke kira Hajja, da 'yarta. Shekaru ta yi tana jiran takardun da za su ba su damar zama a wata ƙasa, kullum a ce ta dawo. Gwiwoyinta sun fara ciwo saboda gogen daɓen mutane. A 2013 ta yanke shawarar bin jiragen ruwan da ke ƙetarawa Turai daga gaɓar arewa, a kan in ta zauna ta aiko a kai mata su. Na roƙe ta, na yi mata faɗa, na kwana biyu ba na ɗaukar wayarta. Ta zo har gida ta zauna a gefen gadona ta ce, "Ya ukhti, ni ruwa bai taɓa ba ni tsoro ba. Zama a haka ne ke ba ni tsoro." Hajja ma da wannan ta lallashe ta. Tsohuwar ta yarda ne domin ta san ko maza a Bur Sudan ba sa kamo 'yarta a ruwa.

Jirgin ya kife. Bayan makonni wata mata da ta tsira ta kira Hajja daga can ƙetare. Ta ce ta ga Amna tana yawo tsakanin matan da ke nutsewa, tana tallafe kawunansu, tana ce musu su kwanta su saki jiki. Ta ce ita kanta da wannan ta rayu har aka tsamo su. Ganinta na ƙarshe da ita, Amna ta juya ta nufi wata mai goyo.

Na yi fushi da Amna, kuma ba zan ɓoye ba, har yau da sauran fushin. Da ta so ta tsira da ta tsira. Amma duk lokacin da na kai nan a tunani sai in tuna cewa matar da ta riƙa ƙetare Alƙahira kullum don ta yi wa baƙuwa wanka ba za ta iya kwanciya a kan ruwa tana jin ihun wata ba. Halin da ya tashe ni daga kan gado shi ne ya hana ta dawowa, ban kuma san yadda zan so ɗaya in ƙi ɗaya ba.

Ina yawan tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Bara na sake haihuwa, namiji, ya zo da kukansa har ma'aikatan asibiti suna dariya. Hajja ce ta yi mini wankan, da ƙarfin da ya rage mata, har muka gama arba'in. Da Amna na nan da ta ɗaga yaron ta ce kan Kanawa ne da shi. Jiragen kuwa ba su daina tashi ba. Har yanzu a wuraren lalle a Faisal za ka ji mata suna raɗa, wance ta tafi, wance tana shiri. Ko za ta hana su? Ina so in ce za ta hana, amma na san ta, ta fi kusa da ta tara su ta koya musu kwanciya a kan ruwa.

A gidan Hajja ba a ambaton bahar, wato teku, ko kifi ba a dafawa. Ranar salla da safe, idan maƙwabtanta Misirawa suka fito da kwandunansu za su ziyarar kaburbura, sai ta rufe taga. Shi ya sa da na je mata da maganar Tasnim sai da bakina ya yi nauyi. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ya bitti, 'yata, bahar ya ci mini ɗaya. So kike in miƙa masa ta biyu da hannuna?" Ni ma tsoron nake ji. Tasnim ce ta matso kusa da kakarta ta ce, "Habboba, kowa yana da inda yake zuwa ya gaida mamarsa. Ni ba ni da shi." Hajja ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki dawo mini da ita."

Makon jiya muka je Iskandariyya. Da na hango ruwan na tsaya a kan yashi ina jin kamar in juya. Yarinyar ta kama hannuna, ita ta ja ni. Na kwantar da ita, na tallafe bayanta, na ji bakina yana faɗin abin da aka taɓa faɗa mini. Ba ta ƙanƙame ni ba ko kaɗan, jinin Bur Sudan ne. Tana kwance tana kallon sama ta kira ni inna da Larabcinsu ta ce, "Khala, wannan ruwan shi ne ya taɓa Mama?" Na ce shi ne. Ta lumshe ido, muka daɗe a haka.

Amna ba ta bar gida ba, ba ta bar kabari ba, hotunanta ma 'yan kaɗan ne. Abin da ta bari yana jikin mutane: ni da na tashi na ci gaba da rayuwa, da wata mata a ƙetare da ban taɓa gani ba, da yarinyar nan da ta iya sakin wuyanta a kan ruwa. Wani lokaci ina ganin hakan ya isa a ce mutum ya rayu. Wani lokaci kuma ina jin duk zan bayar da shi in sake jin tana kirana Bakanuwa.

Da muka fito na kai Tasnim wurin famfo ta ɗauraye jikinta kamar yadda kowa ke yi. Ta ƙi. Na lallashe ta, na ce gishirin zai yi mata ƙaiƙayi a jirgin ƙasa, ta ce ta ji ta gani. Haka muka dawo Alƙahira, gishiri ya bushe fari fat a hannuwanta. Hajja tana tsaye a bakin ƙofa tun kafin mu hawo bene. Ta rungume jikarta, sannan ta lura da hannuwan, ta ce mene ne wannan.

Tasnim ta ce, "Ban wanke ba, Habboba. Na kawo miki ne."

Tsohuwar ta riƙe hannun ta kai fuskarta, ta shinshina, ta sa leɓɓanta a kai. Na ji tana yi wa 'yarta sallama a hankali, irin wadda ake yi a bakin kabari. Ta jima ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta dube ni, fuskarta sharkaf, ta ce, "Kafin ki tafi Kano ki kai ni. Ba zan shiga ba. Zan tsaya a bakinsa ne kawai."