Igiyar Dokin Baba

Shekarun baya, wata safiya a tsakiyar sanyi, rediyon maƙwabcinmu ya fara labaran ƙarfe bakwai ke nan na ga dokin mahaifina ya sunkuyar da kai yana cin kashinsa. Ina zaune a kan kifaffen turmi a cikin bargar, littafina a cinya. Hutun ƙarshen shekara na zo daga makarantar kwana, kuma a duk gidanmu na Birnin Gwari nan ne kaɗai ba mai tambayata me ya sa ba na magana.

Mahaifina yana kwance a asibiti a Kaduna tun ƙarshen damina. Ƙanensa, wanda muke kira Baffa, shi ke riƙe da gidan. Da wannan jan doki Baba yake zuwa gonarsa ta wajen Tabanni, ba ya ma iya cin tuwo sai ya ga an ba shi abinci.

Kafin mako ya zagayo zawo ya kama dokin. Wutsiyarsa ta ɓaci, haƙarƙarinsa ya fara fitowa. Na daɗe ina shirya maganar a raina kamar mai hadda, sannan na je na gaya wa Baffa duk abin da na gani.

"Ke a ina kika ga wannan?" ya tambaye ni.

"A ciki nake karatu, Baffa."

"A cikin barga? Ta ina kike bi?"

"Ta kan igiyarsa."

Ya tafa hannu ya yi salati. "To ga shi nan! Mace ta tsallake igiyar doki, me ya rage? Kin kashe masa zuciya. Dokin da ya ci kashinsa kuwa ba a barinsa a gida, tsiya yake jawowa. Ran kasuwa dillali zai zo ya tafi da shi."

Aka hana ni shiga. Sai na koma leƙe ta ramin zana, safe da yamma. Abin da na lura da shi ke nan: ruwan ƙarshen damina ya daki harawarmu a kan rufi, ta yi fumfuna, an zubar. Tun daga lokacin dusa kawai Baffa ke dama masa da ruwan kanwa mai yawa, wai don ya yi ƙiba kafin Baba ya dawo. Dokin yana shanyewa sai ya hau gwaguyar turke. Zanar da ke kusa da bakinsa ma ya cinye ta har ta yi taga. Ban san komai game da dawaki ba, littafin da ke hannuna na tarihi ne. Amma na ga dabbar da ke neman abin taunawa ba ta samu ba.

Ina da ƙawa a makaranta, mutanen Gbagyi ne, ƙauyensu yana bakin dajin Kamuku. Na ce wa mahaifiyata zan je gaishe su. Ta dube ni, ta dubi igiyar ɗaurin kaya da na naɗe a zanena, ta ce in dawo kafin la'asar.

Harawar gyaɗarsu tana nan lafiya a kan reshen ɗorawa. Mahaifiyar ƙawata ta ɗaure mini dami, ta ƙare mini kallo tana dariya.

"'Yar littafi, wannan wuyan naki kamar na zabuwa zai iya? Ɗora a kafaɗa irin namu, kai na tunani ne."

Na ɗora a kafaɗa. Kafin mu fita gari na faɗi sau ba adadi, ƙawata tana tayar da ni tana sheƙa dariya.

Na iso gida Baffa da abokansa suna zaune a zaure. Da a ce na bi ta baya, ba wanda zai gan ni. Ta gabansu na wuce. Na shiga bargar, na ɗaga ƙafa na tsallake igiyar a hankali, yadda kowa zai gani. Na zube harawar, na kifar da ruwan kanwar, na ɗebo na rijiya.

"Ke! Ba na hana ki ba?"

Na ce, "Ka hana ni, Baffa. Gobe ma zan shiga."

Wani daga cikin abokansa ya ce, "Ka ga aikin boko ko?" Ban juya ba. Dokin ya riga ya cusa kai a cikin harawar.

Ran kasuwa dillali ya zo da igiyarsa. Zawon bai tsaya ba tukuna, ba ni da abin nunawa. Na tsaya a ƙofar bargar na riƙe ginshiƙi da hannu biyu. Kakata, mahaifiyar su Baba, tana gefe tana kaɗi.

Na ce, "Kaka, don Allah ki faɗa mini. Kin taɓa ganin dokin da ya lalace don mace ta tsallake igiyarsa?"

Ba ta amsa mini ba. Mazarinta ta ci gaba da murzawa, ta ce wa dillalin, "Malam, mai dokin bai mutu ba. A jira shi." Baffa ya buɗe baki, ta ɗago ido, ya rufe.

Na ci gaba da zuwa ɗaukar harawa har kafaɗata ta yi kanta. A hankali kashin ya fara ɗaurewa, dokin ya daina waiwayarsa. Baffa ya ce rubutun da ya karɓo ya zuba a ruwa ne ya yi aiki. Ban yi musu ba, ban kuma daina shiga ba.

Har yau ni mai kunya ce, a taro a baya nake zama. Sai dai tun daga wannan hutun, idan aka ce ni ce sanadin wani abu, nakan nemi a nuna mini ta yaya, kuma ba na ba da haƙuri kafin a nuna.

Shirun Kaka ne ya tsaya mini a rai. Ranar da zan koma makaranta tana ƙulla mini ƙuli-ƙuli a tsumma, na sake tambayarta.

Ta ja ƙullin da haƙori, ta ce, "Ƙawata, tun ina amarya nake share bargar kakanki. Kina tsammani tashi nake yi sama? Kullum sai na tsallake igiyar nan, shiga da fita. Mazan gidan dai ba su taɓa tambayar wa ke sharewa ba. Dokin kuwa tsufa ne ya kashe shi."