Goyon Hajiya Ummu Ali

Ranar Litinin ce. Na tashi da asuba, na yi salla, na ɗora ruwan wankan Hajiya. Ƙarfe shida da rabi na gama yi mata wanka, na shafa mata man zaitun a ƙafa, na zaunar da ita a baranda da shayinta. Jirgin nan marar matuƙi yana sama yana kuka kamar injin markaɗe a unguwa mai nisa. Wata da watanni yana nan, har mun daina ɗaga kai.

Matan da muke haɗuwa a masallaci nan Bronx sun dame ni da tambaya, kowace da abin da ta gani a waya. Shi ya sa na zaunar da 'yata Hadiza ranar da ba ta da aiki a asibiti, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min baki.

Hajiya Ummu Ali 'yar Lebanon ce, irin waɗanda muke ce wa Kwara a Kano. Shekara arba'in ta yi a Fagge, mijinta yana sayar da atamfa. Ni na goyi 'ya'yanta. Da mijin ya rasu, ƙafa kuma ta ƙi ta, ta ce a mayar da ita ƙauyen mijinta a kudancin ƙasarsu. Ɗanta Ali ya roƙe ni in bi ta, na bi ta. Hausa muke yi da ita. Larabcina bai wuce na cefane ba.

Daga barandar ana hango wasu tsaunuka can nesa. Bayansu Isra'ila ce, kuma a can aka haifi Hajiya. Ta sha gaya min cewa ubanta da jaki yake tsallakowa kasuwa ya koma ran nan, kafin Turawa su ja layi a tsakani yadda suka ja tsakanin Katsina da Maraɗi. Tana shekara shida aka gwabza tsakanin Larabawa da Yahudawa. Uwarta ta ce su tsallako na kwana biyu. Ba su koma ba.

Bakwai da minti goma muka ji fashewa ta farko. Kofin shayin ya yi rawa a faranti. Ta biyu ta biyo, ta uku ta fi kusa. Karnukan ƙauyen suka ɗauki haushi gaba ɗaya, sai kuma suka yi tsit.

Ƙarfe takwas wayar gida ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ba ta jiran amsa, irin wadda aka naɗa. Na kara wa Hajiya a kunne. Ta saurara har ƙarshe.

"Sojan Isra'ila ne, cewa suke mu tashi," in ji ta. "Na tashi sau ɗaya."

Ban yi mata musu ba, don ni ma ra'ayina ke nan. Rikici uku na gani a Kano, muna zaune a bakin Sabon Gari. Wanda ya fita da gudu shi yake cin karo da masu adda a kwana. Wanda ya kulle ƙofarsa, ya cika randa, ya hana yara leƙe, shi yake ganin gobe. Da haka na fitar da gida guda lafiya har sau uku. Na cika bokitai. Na sa wa get kwaɗo, na ɗaure mukullin a haɓar zanina.

Ƙarfe tara Abu Hasan maƙwabcinmu ya tsaya da motarsa, katifa a sama, matarsa da 'ya'yansa mata uku a ciki. Ya bar kujerar gaba babu kowa. Ya yi ta dukan get da tafin hannu.

"Yalla, Hajje! Yalla!"

Na leƙa ta ramin get na girgiza masa kai. Ya nuna sama, ya nuna hanya. Na nuna masa kwaɗon. Ya kira ni da wata kalma da ban sani ba, ya shiga mota. Har a raina na raina masa hankali, namiji guda da ɗiban mata zuwa titi ana rikici.

Sha biyu saura kwata wata roka ta faɗo a gida na uku daga namu. Ban ji ƙara ba. Iska ce ta ɗauke ni daga bakin kicin ta buga da bango. Da na buɗe ido, babu gilashi ko ɗaya a tagogi, bakina cike da ƙasa. Katangar da na kulle ta kwanta, get yana tsaye shi kaɗai da kwaɗonsa.

Hajiya tana kan kujerarta, fari fat da ƙurar siminti, babu jini. Na ɗauko fasfo ɗinmu da ledar magungunanta na cusa a riga. Na tura keken guragunta zuwa waje, bai yi taku goma ba ya cije a ɓaraguzai. Babu mota ko ɗaya a layin.

Na koma ciki na ɗauko zanina mai kauri da majanyi. Na durƙusa a gabanta.

"Hau."

"Asabe, kin haukace?"

"Hau na ce, Hajiya."

Ta hau. Na ja zanin ta ƙarƙashinta, na ɗaure a ƙirji, na tamke da majanyi. Ba ta fi rabin buhun gero ba. Ƙafafunta suna bugun gwiwata ta baya.

Sha biyu da rabi muka bar ƙauyen ta cikin gonakin zaitun. Mutane suna tafe a layi, wasu da gora, wata da kejin tsuntsu. Suna kallonmu. A ƙasarsu ba a goyo. Idan jirgi ya tsaga sama, wani ya daka tsawa, kowa ya kwanta. Ni ban iya kwanciya ba, sai in durƙusa in jingina ta da bishiya har ya wuce.

Wajen ƙarfe ɗaya ta yi magana a kunnena.

"Ashe daɗin da yaran nan suka sha ke nan."

"Ki yi shiru ki riƙe wuyana."

Ta nemi ruwa. Na bar bokiti shida cike a gida, ban ɗauko ko kofi ba. Wata mata ta tsiyaya mata a murfin gora, ta sha rabi.

Tafiyar za ta kai daga nan Morris Heights zuwa Fordham a dawo, amma hawa da gangara, rana a tsakiyar ka. Bayan azahar hannuwanta suka saki wuyana. Kanta ya kwanta a kafaɗata, ta ƙara nauyi. Na san wannan nauyin. Duk yaron da na goya haka yake yi idan barci ya ɗauke shi. Na gyara ta, na ƙara tamke majanyin. Har jijjiga ta na yi da aka sake jefa wata, don kada ta farka.

Uku da kwata muka fito babban titin da ke zuwa birnin Saida. Motoci maƙare, ba sa motsi, hon ta ko'ina. Wani mai a-kori-kura ya yafito mu. Matan da ke baya suka miƙo hannu za su karɓe ta. Ta farko ta taɓa fuskarta, ta janye hannu, ta yi salati. Wannan salatin kam na gane shi.

Ban kwance ta ba sai a asibitin Saida, bayan magariba. Likitan ya duba, babu rauni ko ɗaya. Ya ce zuciya ce, da zafi. Na ce a tambaye shi tun yaushe. Ya ce ta kai awa biyar ko fi. Washegari aka binne ta a can, aka ce ajiya ce, idan yaƙi ya lafa a mayar da ita ƙauye. Ali yana Kano, ta waya ya ji sallar. Bai taɓa tambayata abin da ya hana mu fita da wuri ba.

A wata makaranta a Beirut, inda aka tara mu, na ga Abu Hasan. Motarsa ta iso lafiya tun daren Litinin. Su biyar suka taso, su biyar suka sauka. Har Beirut ba su sa kowa a kujerar gaba ba.

Wata huɗu bayan nan Hadiza ta kawo ni nan. A hunturun da ya wuce ta haihu, mace. Ran nan za ta fita aiki, yarinyar tana ta tsala kuka, ta miƙo min zani ta ce, "Inna, ki goya ta mana, yanzu za ta yi barci." Yara goma sha ɗaya na goya a rayuwata, nawa da na mutane. Na ce ta ajiye zanin, ta sa min ita a cinya, inda zan riƙa ganin fuskarta.