Hankaka Ya Ƙi Taɓa Shinkafarka, Buwa Gangadhar

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, ina ɗinkin takalmi a bakin kasuwar Sonewadi aka zo mini da labarin rasuwarka, malaminmu Buwa Gangadhar. Ni ne Tanaji, ɗan unguwar dukawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma idona ya ga abin da ya biyo bayanka, kuma ba zan haɗiye shi ba.

Shekaru masu yawa kana zama a zaurenka kowace Alhamis, kana koya mana abu ɗaya: Ubangiji ba a cikin gunkin Vitthal da muke bauta wa kaɗai yake zaune ba, shi ne ran da ke cikin kowace halitta. Shi ya sa kake kiran kowa Mauli, wato uwa, har jakin mai tukwane.

Ranar da ka fara kawo mini gyara, na ce ka jefa takalmin ƙasa kamar yadda manyan gida suke yi don kada hannunsu ya taɓa nawa. Sai ka danƙa mini shi a tafi, ka ɗauki kofina ka sha ruwa. Na ce, "Buwa, za su ce ka ƙazantu." Ka ce, "Mauli, mai jin ƙishi a cikina shi ne ke zaune a cikinka. Zai ƙyamaci kofinsa?" Ka nuna zaren da nake ɗinki da shi, ka ce haka Ubangiji yake: yana ɓoye cikin fata, in an zare shi komai ya watse. Daga wannan makon 'yan unguwarmu suka fara shiga zaurenka, suna zama tabarma ɗaya da kowa.

To ga abin da aka yi. Da aka ɗauko gawarka na matso in sa kafaɗa a makarar, kamar yadda ka roƙe ni tun kana kwance. Babban ɗanka Shridhar, wanda ya zo daga birnin Pune, ya ɗaga mini hannu: "Kai, tsaya can. Yau ba ranar wa'azi ba ce." Na tsaya. Mutanen da suka shekara suna gyaɗa kai a gabanka, babu wanda ya yi tari. Aka ƙone gawarka bisa al'adarmu, kafin tokarka ta huce an wanke zauren, an datse shi da kwaɗo.

Rana ta goma aka kai curin shinkafa bakin kogin Bhima, aka ja baya ana jiran hankaka ya taɓa, don a san ranka ya tafi babu sauran buri. Ina daga nesa ina kallo. Hankaki cike da bishiya, ko ɗaya bai sauko ba. Shridhar ya yi alkawarin kula da mahaifiyarsa. Shiru. Ya yi alkawarin gyara rufin ɗakin ibada. Shiru. Rana ta take, gumi ya jiƙa kowa. Ƙanenka ya ce, "Yaya dai ko a mace taurin kansa na nan."

Sai matarka, Inna Kashibai, ta juya: "Shridhar, yunwa za ka kashe mu da ita? Kai ma ka sani. Ina makullin?" Ya sunkuyar da kai, ya faɗa ta cikin haƙora: "Zauren zai zauna a buɗe, ga kowa." Bai rufe baki ba wani hankaka ya dira ya cafki shinkafar.

Suka yi ta murna, ni kuwa raina ya ƙara ɓaci. Sun yarda ranka zai iya magana ta bakin tsuntsu mai cin mushe, amma ba su yarda Ubangiji zai iya zama cikin ƙirjin baduku ba. Abin da ka tsufa kana faɗa da bakinka, sai da hankaka ya maimaita suka ji.

Vitthal ya karɓe ka a ƙafafunsa, Buwa, ya ji ƙanka, ya hutar da kai daga sake dawowa wannan duniya. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kashibai da dangi duka, har da Shridhar, domin Wanda ke cikina yana cikinsa, ko ya so ko ya ƙi. Ranar Alhamis ina nan zuwa, kuma ba a bakin ƙofa zan zauna ba.