Daren da Muka Yi da Zannuwa

Mahaifiyata ta zo zama wurina a unguwar Sintali bayan rasuwar babanmu, a shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha, gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola, kowa yana yawon neman ɗakin haya. Ni ina buga tafireta a ofis, maigidana yana koyarwa a firamare, muna da yara biyu, mace da ƙanenta. Da ƙafata na je ƙauyenmu a bayan duwatsun Yorro na ɗauko ta, saboda gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ga tari da ba ya jin magani, gidan kuma babu wanda ya rage a ciki sai akuyoyi. Ta biyo ni ne kawai don na yi mata kuka a gaban dangi.

A ƙauye Mama ba ta san shiru ba. Ko doya take ferewa, bakinta yana aiki. Mu da muka tashi a hannunta mun san cewa da an ci tuwon dare yaran maƙwabta za su cika tsakar gidanmu, don babu wanda ya kai ta iya tatsuniya. Tana yin muryar kura, tana yin ta tsohuwa mai rowa, in ta zo wurin waƙa sai ta sa kowa ya amsa, wanda ya yi gyangyaɗi ta taɓa shi da muciya.

A Sintali kuwa sai ta koma kamar baƙuwar da ta zo gaisuwar mutuwa. Yarana ba sa jin yarenmu na Mumuye sai gaisuwa, ita kuma Hausarta ta kasuwa ce, ta sayen gishiri da manja. Da yamma, lokacin da ya kamata su zauna kusa da ita, maƙwabcinmu yana fito da talabijin ɗinsa baranda, duk yaran layin su tafi can su buɗe baki. Yarana su ce “Kaka, sannu” suna gudu. Takan zauna a bakin ƙofa a kan ’yar kujerarta tana kallon katanga. Surfe ba a yi, don akwai inji a bakin layi. Ruwa masu kura ke kawowa. Babu abin da ya rage mata sai jiran abinci.

Wata safiya a tsakiyar bazara, ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, ta ce mini da yarenmu in aika wa kawuna mai a-kori-kura, idan ruwan farko ya sauka ya zo ya mai da ita gida. Na ce wa zai duba ta a can, wa zai kai ta asibiti idan tarin ya tashi. Ta ce kazar gidan nan ma tana da aikin yi, ita ce kaɗai ba ta da shi. Ni mai saurin fushi ce, duk wanda ya san ni ya san haka, amma ranar jakata kawai na ɗauka na fita. Na san in ta koma wannan gidan ita kaɗai, ba za ta ga damina biyu ba. Kuma na san Mama, in ta faɗi magana ba ta janyewa.

A lokacin akwai abin da ake yi duk ranar Asabar a laburaren gari, ana ce masa zaman iyali. Ɗaki ne dogo mai tagogin gilashi irin masu buɗewa layi-layi, da kantocin littattafai a jikin bango, da fanka wadda ta fi yawan hutawa a kan aiki. Matar da ke riƙe da wurin Bafulatana ce ’yar cikin gari, siririya, mai tabarau, kowa yana ce mata Malama. Ita ta ƙirƙiro zaman. Da hantsi za a ture tebura gefe a shimfiɗa tabarmi. Wata Asabar a karanta wa yara littafi mai hotuna, wata a koya wa mata saƙar hular jarirai, wata a gayyato ’yar jinya ta yi bayanin ruwan gishiri da sukari. Mata kan zo daga Nukkai da Kona a gefen gari da goyonsu, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, a zauna tabarma ɗaya ana musayar gyaɗa. Ni dai gaskiya abin da ya fara kai ni shi ne yara su bar ni in sha iska.

Wata rana Malama ta ce tana son a riƙa kawo tsofaffi suna ba yara tatsuniyoyin gida, don littattafan da ke kan kanta duk labarin wasu ƙasashe ne, masu ƙanƙara da jirgin ƙasa. Ta tambaya ko akwai mai kaka a gida. Kafin ta rufe baki hannuna yana sama.

Ban gaya wa Mama abin da za ta je yi ba. Na ce mata dai za mu fita ta ga gari. Ta sa zaninta na zuwa coci, muka hau tasi, yara suna faɗa a kan wanda zai zauna jikin taga. Da muka shiga, ta tsaya tana kallon littattafan nan har sama, ta tambaye ni a hankali ko duk mutum ɗaya ne ya karanta su. Malama ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata kujera mai hannu ta ajiye a gaban tabarmi. Yara sun fi talatin a zaune. Sannan ta sanar cewa yau Kaka ce za ta ba su tatsuniya.

Mama ta dube ni, ta dubi taga. Rana ta take, ko'ina fari fat. Ta girgiza kai.

“Rana yana sama,” ta ce da Hausarta. “Ba a yi.”

Malama ta zaci kunya ce, ta shiga lallashi. Ni kuwa nan take na tuna. A wurinmu ba a yin tatsuniya da rana. Tun muna ƙanana an gaya mana yaron da ya ji tatsuniya rana tana sama, hanyar gida za ta ɓace masa. Zaman gari da tafireta sun sa abin ya fita daga kaina sarai. Na sunkuya na ce mata da yarenmu ai wannan maganar tsoratar da yara ce don su yi aikin gona, kuma mu yanzu masu bi ne. Ta ce ita ma mai bi ce, ta riga ni shiga ruwan baftisma, amma ba za ta ɗauki ’ya’yan mutane ta yi gwaji da su ba.

Wata tsohuwar Bafulatana da ke zuwa da jikokinta, wadda muke kira Goggo, ta sa baki daga inda take zaune. Ta ce Mama tana da gaskiya, su ma a rugarsu haka abin yake, sai dai su shanu ne aka ce suna watsewa. Wata mata daga Kona ta ce su ma ba sa yi. Sai ga shi ɗakin ya kaure, kowa yana faɗin abin da aka ce zai same shi a garinsu. Malama ta tsaya riƙe da tabarau a hannu. Laburare ana rufe shi tun kafin la'asar ta yi sanyi, maigadi ya sa kwaɗo, babu yadda za a yi a tara mata da yara a can da dare.

Ina tsaye ina jin haushin kaina da na kowa. Mama ta fara neman takalminta da ƙafa.

Goggo ce ta miƙe. Ta ce lokacin da take yarinya, idan hadari ya haɗu da rana har cikin bukka ya yi duhu, kakarta takan yarda ta yi musu guda ɗaya, gajera. Ta cire mayafinta, ta taka zuwa tagar da ke kusa da ita, ta rufe gilasan, ta rataya mayafin a kai. Wata ta kwance zaninta na sama ta miƙa. Wata ta sauke goyo ta ba da majanyi. Ni na ba da ɗankwalina, na tsaya da kitson da ya kwana biyu a gaban jama'a, ban damu ba. Malama ta aika aka karɓo fitilar ƙwai a wurin maigadi, ta ja ƙofa ta rufe, ta tura tabarma a ƙarƙashinta. Inda zani bai kai ba aka tsaya da manyan littattafai, irin waɗanda ba mai taɓawa, aka toshe.

Duhun bai cika ba. Hasken yana ratsa atamfofin, ɗakin ya koma ja-ja da shuɗi-shuɗi, ga zafi kamar an rufe mu a tukunya. Yara sai dariya suke suna taɓa fuskokin juna. Mama ta tashi da gwiwoyinta masu ciwo ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Inda ta ga tsinin haske ta nuna da yatsa a gyara. Da ta gama ta dawo ta tsaya kusa da ni, ta ce da yarenmu, murya ƙasa-ƙasa, wai wa muke yi wa wayo, ai Allah ya san rana ce.

’Yata ce, wadda ba ta ji abin da aka ce ba, ta matso ta kama bakin zaninta.

“Kaka, dare ya yi. Ki fara.”

Mama ta dube ta. Sai ta ture kujerar mai hannu gefe, ta zauna a ƙasa a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta jawo fitilar gabanta.

Labarin wata doya ta ba su, wadda ta yi girma a cikin ƙasa har ta ƙi fitowa. Mai gona ya haƙa ya gaji, ya kira ƙannensa suka gaji, aka kawo jaki aka ɗaura igiya, igiya ta tsinke. Ta fara da Hausa tana tuntuɓe, in kalma ta ƙi zuwa sai ta jefo ta Mumuye ta wuce, ni ina daga baya ina cike gurbi. Ba a jima ba ta daina jirana. Ta yi nishin mai gona, ta yi kukan jaki har wani jariri ya farka. Doyar ta ce ba za ta fito ba sai an yi mata waƙar da uwarta ke yi mata tun tana iri. Nan Mama ta rera waƙar da yarenmu, ta ɗaga hannu, ta ce kowa ya amsa.

Suka amsa. Yaran Fulani, yaran Jukun, ’ya’yan ma'aikatan da aka kawo daga Yola, duk suna rera kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, suna karya su yadda suka ga dama. Ta sa suka maimaita har sai da ta gamsu. A cikin muryoyin na tsinci ta ɗana, wanda ko gaisuwa da yarenmu sai an matsa masa. Rabona da jin waƙar tun ina ’yar ƙarama a tsakar gidanmu, babana yana gefe yana gyaran fartanya. Na gode wa duhun nan, don na yi kuka sosai babu wanda ya gani sai Goggo, ita kuma ta yi kamar tana gyara zama.

Da doya ta fito aka buɗe tagogi, duk mun jiƙe sharkaf da gumi. Mata suna neman zannuwansu, ana ta musu a kan na wace ce wannan. Malama ta riƙe hannun Mama da hannu biyu tana godiya, rabi da Hausa rabi da Fulatanci, ta roƙe ta ta dawo wata Asabar. Mama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tana tsaye a bakin ƙofa tana bin kowane yaro da ido har sai ta ga uwarsa ta kama shi.

Ba ta yarda mu hau tasi ba, wai direba zai iya wuce layinmu. A ƙafa muka koma cikin ranar nan, ita a tsakiya, ta damƙe wuyan hannun yaran biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ɗana ya so ya ƙwace ya yi gaba kamar yadda ya saba, ta ƙara matsewa har ya yi ƙara. Muna tafiya tana tsayawa tana tari, ba ta sake su ba sai da suka taka cikin gida. Washegari a coci ta sa ni na bi matan da ta gane a laburare ina tambayarsu ko yaransu sun isa lafiya. Ranar Litinin kuma, da aka tashi makaranta, na dawo na tarar da ita a bakin layi tana jiran yarana. Daga nan kullum can ake samunta.

Ruwan farko ya sauka bayan Ista. Kawuna ya zo da motarsa kamar yadda aka aika masa, ya ajiye buhun dawa, ya sha ruwa, ya ce Mama ta fito da kayanta kafin hanya ta lalace. Ina tsaye a ƙofar kicin, na kasa ko kallonta.

Ba ta tashi daga kujerarta ba. Ta ce masa da yarenmu:

“Ka tafi. Na yi wa yaran nan tatsuniya da rana, da bakina. Yanzu dole in zauna in ga kowannensu yana dawowa gida.”

Kawu ya tambaya har zuwa yaushe. Ta ce ba a sani ba, irin wannan abin yana iya jira sai yaro ya girma.