Jan furen da ya fito a bakin ƙofata

Shekarun baya, ina amarya a wani gidan haya a Samaru, muna da maƙwabci a cikin gidan, dattijo ɗan kudancin Kaduna, lebura a gonar gwaji. Baba muke ce masa, ba ruwansa da kowa. Ni kuwa a lokacin ko kaza ta kalle ni sai in ce aiko ta aka yi.

Wata rana da bazara zan watsa ruwan wanke-wanke a gindin katanga, dab da ƙofata, sai ya ce, "Don Allah 'yata, kada ki jiƙa nan. Bar wurin ya sha rana." Me ya binne da ba ya son ruwa? Na sa masa ido. Kullum da safe sai ya tsuguna, ya dafa ƙasar, ya dubi sama. Ga ni da ciki wata biyar.

Aka yi ruwan fari. Kwana huɗu, abu ya ɓullo a wurin: kara guda, ba ganye ko ɗaya, a kansa fure ja jawur kamar ƙwallo. Innalillahi! Na hau acaɓa sai Sabon Gari, shagon mai gidan hayar. Na rantse masa sammu ne, ko Baba ya tashi ko mu. Aka ba shi sati biyu.

Ranar da yake ɗaure kaya mahaifiyata ta zo daga ƙauye. Tana leƙawa ta riƙe baki. "Ke, albasar kwaɗi ce fa, ta daji! Sai ƙasa ta gasu, ruwan fari ya sauka, sannan take fure. In tana shan ruwa da rani, ruɓewa take yi."

Baba ya ce a dajin garinsu ya tono ta, da ita mahaifinsa yake gane lokacin fitar da iri. Na ba shi haƙuri har da kuka. Ya ce, "Ba komai, 'yata," amma ya riga ya kama ɗaki a Chikaji. Bai tone ta ba, ya ce dai in bar ta ta sha rana.

Har yau in zuciyata ta fara zargin mutum, kunyar ranar nake ji. Shekara shida na ƙara a gidan, ina kai ruwan wanke-wankena har bakin kwata. Duk ruwan fari sai albasar ta fito, ni kuma in rasa wanda zan kira ya gani.